A-Level, BTEC, IB ko Adabin Turanci: Wace Hanya Ta Dace da Mai Son Wasan Kwaikwayo a Ingila?

A Ingila, tun ɗalibi yana aji na 11, kafin ya zauna jarrabawar GCSE ta kammala sakandare, ake sa shi ya zaɓi abin da zai karanta a shekara biyu na gaba da sakandare. Doka ta ce sai ya ci gaba da karatu ko koyon sana'a har ya cika shekara 18, amma me zai karanta, wannan ya rage gare shi da iyayensa. Wanda zuciyarsa ke kan wasan kwaikwayo a nan yake shiga tsaka mai wuya. Malamin wasa yana cewa ya ɗauki A-Level, wato karatun shekara biyu na share fagen shiga jami'a, kwalejin da ke kusa tana tallar difloma, a gida kuma ana tambayarsa ko wannan karatu zai kai shi jami'a. Kowa na da gaskiyarsa, sai dai kowa gefe ɗaya yake kallo.

Hanyoyi huɗu ne a gabanka: darasin wasan kwaikwayo na A-Level, diflomar koyon sana'a ta BTEC ko ta UAL, darasin wasan kwaikwayo a cikin tsarin IB (International Baccalaureate, difloma ta ƙasa da ƙasa), sai kuma ka ɗauki Adabin Turanci a makaranta ka riƙa yin wasan a waje. Bayanin nan na Ingila ne, domin Sukotlan tsarinta daban, Wales ma tana da nata bambance-bambancen.

Ma'aunan da za a auna da su

Na farko, kuma shi na fi ba nauyi, shi ne gurbi nawa karatun zai ci. Yawancin ɗalibai darussa uku suke ɗauka a A-Level. Akwai hanyar da gurbi ɗaya take ci, akwai wadda take cinye ukun gaba ɗaya. Duk gurbin da ka ba wasan kwaikwayo ka hana wani darasi ne, kuma a shekara 16 ba kowa ne ya san ƙofar da zai nema a shekara 18 ba.

Na biyu shi ne irin aikin: nawa ne rubutu, nawa ne tsayuwa a dandamali, kuma wa ke ba da maki. Na uku kuɗi. Na huɗu ƙarkon takardar, wato inda za ta iya kai ka da kuma ko za ta yi amfani idan ka canza ra'ayi. Na biyar haɗari, musamman abin da zai iya rage maka maki alhali ba laifinka ba ne.

A-Level na wasan kwaikwayo

Tsarin da ake bi yanzu an fara koyar da shi a watan Satumba na 2016, aka yi jarrabawarsa ta farko a 2018. Ko wace hukumar jarrabawa makarantarku ke bi, rabon iri ɗaya ne: kashi 40 cikin 100 jarrabawa ce ta rubutu a zaune, kashi 60 aikin da ake yi a cikin shekara. Mutane na jin kashi 60 sai su ɗauka duka wasa ne a dandamali. A cikin wannan kashi 60 ɗin akwai rubutu mai yawa, har ya kan rinjayi wasan kansa.

Dubi tsarin hukumar Pearson Edexcel. Sashen ƙirƙirar wasa yana da maki 80, amma 20 ne kawai na wasan da aka nuna, 60 na kundin da ɗalibi ya bayyana yadda aka gina wasan da dalilin kowane mataki. Kundin kalmomi 2,500 zuwa 3,000 ne, ko kuma a naɗi bayanin da baki na minti 12 zuwa 14. A AQA ma haka abin yake: ƙirƙirar wasa maki 60, littafin aiki ya ɗauki 40, wasan ya ɗauki 20. Idan aka haɗa da jarrabawar zaune, fiye da rabin sakamakon daga alƙalami yake fitowa. Yaron da ya zaɓi darasin don gudun rubutu zai sha mamaki tun zangon farko.

Hukumomin huɗu sun ɗan bambanta. AQA takarda ɗaya ce ta awa 3, ana shiga da littafin wasan, sannan sassa biyu na aiki kowanne kashi 30. Edexcel takardarta awa 2 da rabi ce, ƙirƙira kashi 40, wasan da mai jarrabawa ke zuwa ya kalla kashi 20, kuma tana barin ɗalibi ya shiga da bayanan da bai wuce kalmomi 500 ba a kan wasan da ya je ya kalla. OCR ta raba rubutun gida biyu, takarda biyu kowacce kashi 20. Eduqas ta fi ba wasan da baƙon mai jarrabawa ke kallo nauyi, kashi 40. Ba kai ke zaɓen hukuma ba, makaranta ce, amma idan kana da makarantu biyu a gabanka, wannan bambanci ya isa ya raba gardama. Wanda ƙarfinsa ke kan dandamali zai fi sakewa da Eduqas, wanda ya iya bayanin tunaninsa a rubuce zai fi cin riba a Edexcel ko AQA.

Me ake yi a ajin? Ana karanta wasanni kamar yadda darakta ko ɗan wasa zai karanta su. Tambayar a kullum ita ce yaya za a tsayar da wannan a gaban 'yan kallo. Jerin AQA ya faro daga Antigone na Sophocles na tsohuwar Girka har zuwa wasannin wannan ƙarni, ciki har da Three Sisters na Inua Ellams, haifaffen Jos, wanda ya ɗora labarin a kan zamanin yaƙin basasar Najeriya. Ana kuma nazarin hanyoyin manyan masana: Stanislavski da ke son ɗan wasa ya shiga rigar wanda yake kwaikwaya har ciki, Brecht da ke son mai kallo ya riƙa tuna cewa wasa yake kallo domin ya yi tunani, Artaud da ke son a girgiza jikin mai kallo da sauti da haske, da ƙungiyoyin zamani irin su Frantic Assembly masu gina labari da motsin jiki. Ba haddar sunaye ake nema ba. Za a ce ka ɗauki hanyar ɗaya daga cikinsu ka gina naka wasan da ita.

Sashen ƙirƙira shi ne zuciyar darasin, kuma ya kamata ka hango shi tun yanzu. Malami zai ajiye hoto ɗaya, ko guntun labarin jarida, ko shafi daga wani wasa, a tsakiyar ɗaki. Ku biyar ne, ba rubutaccen labari, ba wanda aka naɗa shugaba. Mako na farko kowa na kawo shawara ana ture ta. Daga baya wani ya ce a gwada wurin rabuwar uwa da ɗanta ba tare da magana ba, a bar kujera ɗaya babu kowa a kai, sai ɗakin ya yi tsit, kowa ya gane an samu bakin zaren. Da daddare sai ka zauna ka rubuta abin da aka gwada, me ya sa aka bar na farko, me kujerar ke gaya wa mai kallo, kuma ta ina wannan ya haɗu da hanyar masanin da kuka zaɓa. Wanda ya bar wannan rubutu sai ƙarshen zango, ya manta rabin abin da ya faru, kuma a nan maki ke zubewa.

Haka zuwa kallon wasa. Ba shaƙatawa ake zuwa yi ba. Kana zaune cikin duhu kana lura da lokacin da fitila ta juya daga ruwan ɗorawa zuwa shuɗi, da yadda 'yar wasa ta sauke murya ta juya wa 'yan kallo baya, domin bayan watanni za a tambaye ka ka bayyana wannan daƙiƙa a takardar jarrabawa ka kuma faɗi ko ta yi tasiri.

Abin da iyalai da yawa ba su sani ba shi ne ba dole sai ka fito a dandamali ba. Ana iya cin darasin ta hanyar tsara haske, ko sauti, ko fasalin dandamali, ko sutura, AQA ma ta yarda da aikin darakta da na 'yar tsana. Wannan yana da muhimmanci ga ɗalibi ko ɗalibar da ke son fannin amma tana da iyaka ta addini ko ta kunya game da taɓa jiki, ko irin suturar da za a sa, ko wasu kalamai. Ko ga mai fitowa ma, malamai ne ke zaɓen wasannin da za a yi daga cikin masu yawa, don haka magana da malami tun kafin a fara ta fi shiru a sha wahala daga baya. Sai dai a tambaya ko makarantar tana da kayan fitilu da na sauti da wanda zai koyar da su, domin abin da manhaja ta yarda da shi daban, abin da makaranta ke iyawa daban.

Ta fuskar kuɗi, karatun kyauta ne a makarantun gwamnati ga 'yan shekara 16 zuwa 18. Abin da ke fita daga aljihu shi ne tikitin kallon wasa da kuɗin mota, littattafan wasanni, da baƙaƙen kayan bita. Makarantun gwamnati suna samun naɗaɗɗun wasannin National Theatre, babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Landan, kyauta, wannan ya rage nauyi ga waɗanda ke nesa da Landan. Akwai kuma tallafin 'yan shekara 16 zuwa 19, wanda ke kaiwa fam 1,200 a shekara ga waɗanda ke cikin rukunin masu rauni, sauran kuma makaranta ce ke duba halinsu.

Ƙarkonsa fa? A ma'aunin UCAS, hukumar da ake neman gurbin jami'a ta hannunta, makinsa daidai yake da na kowane A-Level: A* maki 56, A 48, B 40, C 32, D 24, E 16. Tsoron da iyaye ke yi ya samo asali ne daga jerin darussan da manyan jami'o'in Birtaniya na ƙungiyar Russell Group suka taɓa fitarwa a matsayin masu buɗe ƙofa, wanda wasan kwaikwayo ba ya ciki. An janye wannan jeri a 2019. Abin da ya rage shi ne sharaɗin kowane kwas. Likitanci yana neman Kimiyyar Sinadarai, sau da yawa da Ilimin Halittu. Injiniyanci yana neman Lissafi, yawanci da Fiziks. Shari'a kuwa ba ta ɗaure mutum da wani darasi na musamman. Ke nan wasan kwaikwayo a matsayin darasi na uku, kusa da biyu da suka cika sharaɗi, ba ya rufe ƙofa a mafi yawan wurare. Ga kwasa-kwasan da ake tsananin gasa a kansu, a buɗe shafin jami'ar a karanta da ido kafin a sa hannu.

Haɗarinsa na gaske yana cikin ƙungiya. Kowa makinsa daban ake ba shi, amma wasan na kowa ne. AQA tana son 'yan wasa 2 zuwa 6 a wasan ƙirƙira, Edexcel 3 zuwa 6. Idan ɗaya ya riƙa fashin bita, ko ya bar makaranta ana saura wata guda, ku za ku sake ɗinke wasan. Ga kuma raguwar masu ɗaukar darasin a Ingila tun daga 2010, abin da ya sa a wasu makarantu ajin bai wuce mutum huɗu ko biyar ba, wani lokaci ma a soke shi idan ba a cika ba. Ƙaramin aji yana da daɗin samun kulawar malami, amma ba ka da zaɓin abokan aiki. Sannan darasi ne da kusan ba ya yiwuwa mutum ya yi shi shi kaɗai daga gida, tunda sai da ƙungiya da malamin da zai ba da maki.

Diflomar BTEC ko ta UAL

Nan an juya lissafin. Yawancin lokaci a ɗakin bita ake yin sa, ana koyon sarrafa murya, motsi, waƙa ko rawa ga mai so, ana shirya wasanni ana nunawa a gaban jama'a zango bayan zango. Rubutu yana nan, na bincike da na bitar abin da aka yi, amma babu doguwar jarrabawar ƙarshe da za ta ɗauki kashi 40 a yini ɗaya. A wasu nau'o'in BTEC akwai sassan da ake aika wa hukumar ta duba, don haka a tambayi wane nau'i kwalejin ke yi.

Girman difloma hawa-hawa ne, kuma a nan mutane ke ruɗewa. Ƙaramar BTEC mai awa 360 na koyarwa daidai take da A-Level ɗaya, ana iya haɗa ta da wasu darussa biyu. Mai awa 720 daidai da biyu. Babbar, mai awa 1,080, daidai da uku, wato ita ce karatunka gaba ɗaya. Wanda ya ci mafi girman sakamako a babbar yana samun maki 168 na UCAS, daidai da A* uku, haka ma babbar diflomar UAL, wadda Jami'ar Fasahar Zane da Ƙira ta Landan ke bayarwa.

Ina ganin babbar difloma ita ce mafi kyawun horo ga wanda ya riga ya yanke shawara, kuma ita ce mafi tsada ga wanda bai yanke ba, ko da yake ba a biyan ko kwabo a kwalejin gwamnati. Tsadar tana cikin ƙofofin da take rufewa. Jami'o'i da yawa suna karɓarta, musamman a kwasa-kwasan wasan kwaikwayo, fim, da shirya taruka, amma maki 168 ba ya nufin kowace jami'a za ta karɓa a kowane kwas. Waɗanda suka fi tsanani suna neman A-Level a wasu darussa, ko su ce diflomar ta kasance a fannin da ya dace da kwas ɗin. Yaron da ya shekara ɗaya ya gane ashe tattalin arziki yake so, sai dai ya koma baya ya sake farawa ko ya bi doguwar hanya.

Akwai wani abin lura kuma. Gwamnati ta daɗe tana sake fasalin takardun sana'a na wannan mataki, kuma a 2025 ta sanar da sabon tsari mai suna V Level da zai maye gurbin da yawa daga cikinsu. Takardar da ka riga ka samu ba ta lalacewa, amma kafin ka shiga ka tambayi kwalejin kai tsaye wace takarda za a ba ka a ƙarshe, kuma ko kwas ɗin zai kai shekara biyunsa yadda aka tallata shi.

Ingancin difloma ya dogara ƙwarai da wurin da ake yin ta. Makarantar BRIT da ke Croydon, wadda aka buɗe a 1991 kuma ba a biyan kuɗi, tana da dandamali da kayan aiki irin na ƙwararru, shiga kuwa sai an tantance. Wata kwalejin kuma ɗaki ɗaya ne da labule baƙi. Takardar iri ɗaya ce, horon ba ɗaya ba. Ka je ka kalli wasan ƙarshen shekara na ɗalibansu, za ka ga abin da ƙasidar talla ba za ta gaya maka ba.

IB

Wannan gajeriyar magana ce, domin ga yawancin iyalai ba zaɓi ba ne: makarantun gwamnati kaɗan ne ke yin IB, mafi yawa masu zaman kansu ne, kuma tun Janairun 2025 ana ɗora harajin VAT na kashi 20 a kan kuɗin makarantun kuɗi. Ga wanda yake da hanya kuwa, tsari ne mai kyau. Darussa shida ake ɗauka, wasan kwaikwayo ɗaya daga ciki, awa 150 a matakin ƙasa ko 240 a babban mataki. Babu jarrabawar zaune a darasin. Ana gabatar da shawarar yadda za a shirya wani wasa, da bincike a kan wata al'adar wasa ta duniya wadda ɗalibi bai saba da ita ba, da aikin haɗin gwiwa, sannan 'yan babban mataki su ƙara da wasan mutum ɗaya da aka gina a kan tunanin wani masani. Ba ka rasa Lissafi ko kimiyya ko harshe, don haka ƙofofi suna nan a buɗe, kuma takardar tana tafiya ƙasashe da yawa. Nauyin ne babba: darussa shida, doguwar maƙala mai kalmomi 4,000, da sauran wajibai, ga bita da yamma.

Adabin Turanci a aji, wasa a waje

Wannan hanya ba a cika kawo ta a lissafi ba, alhali ta dace da mutane da yawa. A-Level na Adabin Turanci kashi 80 jarrabawa ne, kashi 20 aikin gida, ana karanta aƙalla littattafai takwas, dole da wasan Shakespeare a ciki. Ba ka dogara da kowa ba wajen samun maki, kuma babu jami'ar da ke ɗaga gira a kansa. Sai dai a nan wasa rubutu ne a takarda, ana nazarin kalma da jigo, ba a tashi tsaye a gwada.

Tsayuwar sai ka neme ta a waje: ƙungiyar wasa ta matasa a garinku, wasan makaranta na shekara, ko National Youth Theatre, ƙungiyar wasan matasa ta ƙasa da aka kafa a 1956, wadda ake shiga ta hanyar gwaji. Akwai kuma jarrabawar wasa da iya magana ta cibiyar LAMDA da ta Trinity, masu hawa-hawa, waɗanda mataki na 6 zuwa na 8 ke da makin UCAS. Mataki na 8 da mafi kyawun sakamako maki 30 ne. Ba kowace jami'a ke lissafa shi ba, domin da yawa sakamakon darussa uku kawai suke kallo. Kuɗin malami da na jarrabawa daga aljihunka ne, kuma tunda ba wanda ke tilasta maka, da jarrabawa ta matso wasan ne ke fara faɗuwa. Ba za ka kuma samu horon ƙirƙira da na nazarin masana ba sai ka dace da ƙungiya mai kyau.

A taƙaice cikin jadawali

| Ma'auni | A-Level na wasa | Babbar difloma | IB | Adabi da wasa a waje |
|---|---|---|---|---|
| Gurbin da yake ci | 1 cikin 3 | Duka 3 | 1 cikin 6 | 1 cikin 3, da lokacin hutu |
| Jarrabawar zaune | Kashi 40 | Kaɗan ko babu | Babu a darasin | Kashi 80 |
| Lokaci a dandamali | Matsakaici | Mai yawa | Matsakaici | Gwargwadon himmarka |
| Kuɗi | Kyauta, sai tikiti da littattafai | Kyauta, sai kayan aiki da mota | Yawanci makarantar kuɗi | Kyauta, sai kuɗin darasin waje |
| Mafi girman makin UCAS | 56 | 168 | 56 a babban mataki | 56, da 30 na LAMDA |
| Idan ka canza ra'ayi | Da sauƙi | Da wuya | Da sauƙi | Da sauƙi sosai |
| Babban haɗari | Ƙungiya da ƙaramin aji | Rufe ƙofofi da wuri | Yawan aiki | Wasan ya bi ruwa |

Maganar makarantun horar da 'yan wasa

Da yawa suna zaɓen hanya ne da tunanin wacce za ta shigar da su RADA, ko LAMDA, ko Central, ko Guildhall. A kwasa-kwasan fitowa a wasa, gwajin tantancewa ne ke yanke hukunci. Za ka tsaya a gaban mutane kaɗan, ko ka aika bidiyo a zagayen farko, ka yi jawabin mutum ɗaya na tsohon wasa da na zamani, a sake kiranka ko kada a kira. RADA, wadda aka kafa a 1904, mutum 28 take ɗauka a shekara a digirinta na wasa, daga cikin dubban masu nema, kuma ba abin mamaki ba ne mutum ya nema sau biyu ko uku kafin ya samu. Difloma tana ba ka yawan sa'o'in gwaji da malaman da suka san yadda ake shirya wa wannan rana. A-Level yana ba ka iya karanta wasa da magana a kansa, da kuma madogara idan ba a dace ba a karon farko. Babu ɗayansu da ke ba da tabbaci. Digirin wasan kwaikwayo na jami'a kuwa, wanda ya fi karkata ga nazari, sakamako yake kallo, kuma a nan A-Level na wasa ko na Adabi ya fi amfani. Kuɗin karatun digiri ga ɗan gida a Ingila ya kai fam 9,535 a shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026, don haka shekarar da aka ɓata a kwas ɗin da bai dace ba tana da farashi.

Wa ya dace da wacce

Idan kana son wasan kwaikwayo da gaske amma kana kuma hango shari'a, aikin jarida, koyarwa, tarihi ko ilimin halayyar ɗan Adam, ɗauki A-Level na wasa a matsayin ɗaya cikin uku, ka haɗa shi da biyu da suka cika sharaɗin kwas ɗin da kake hange. Wannan ita ce shawarata ga mafi yawan masu ruɗani, da sharaɗin ba ka ƙin rubutu kuma ajin yana da mutanen da za a iya aiki da su.

Idan ka shekara da shekaru kana wasa, ka san wahalar bita ka kuma jure ta, jarrabawar zaune tana danne abin da ka iya, kuma kun zauna da iyayenka kun fahimci ƙofofin da za a rufe, babbar difloma a kwaleji mai kayan aiki ta fi maka. Wanda yake son aikin hannu amma bai shirya sallama komai ba, ya nemi ƙaramar BTEC ya haɗa da A-Level biyu.

Idan likitanci, haƙori ko injiniyanci ne burinka, guraben sun kusa cika da kimiyya da Lissafi. Ka duba ko na ukun a sake yake a jami'o'in da kake so. Idan ba haka ba, ka riƙe wasan a ƙungiyar waje.

Idan makarantarku ba ta yin darasin, ko ajin mutum biyu ne, ko ba ka son sakamakonka ya rataya a wuyan wasu, Adabin Turanci da ƙungiya mai ƙarfi a waje ya fi canza makaranta saboda darasi ɗaya. IB kuma na wanda makarantarsa ke yin sa ne, yake da ƙarfi a fannoni da yawa, ko iyalinsa na iya komawa wata ƙasa kafin ya shiga jami'a.

Ranar da makaranta ta buɗe ƙofa ga masu neman shiga, ka samu malamin wasan ka tambaye shi wace hukumar jarrabawa suke bi, mutum nawa ne a ajin bana da na bara, waɗanne wasanni suke karantawa, ko ana iya bin ɓangaren haske ko sutura, sau nawa ake tsayawa bita bayan an tashi, da kuma inda ɗaliban da suka gama bara suka tafi. Idan da hali, ka roƙi a nuna maka kundin aikin wani tsohon ɗalibi ka ga yawan rubutun da idonka kafin ka cike fom.